Daga 'Yandoto Zuwa Littattafan Kasuwa: Tarihin Siffantawa a Ƙasar Gusau, Tsafe da Bunguɗu



Masu iya magana sun ce magana zarar bunu ce, idan ta fita ba ta komawa. To amma fa ba kowace magana ce take daɗewa a kunnen jama'a ba. Wadda take daɗewa ita ce wadda ta zo wa mai saurare da hoto, wato ta sa ya ga abin da idon zuciyarsa tamkar yana wurin. Idan aka ce maka gidan su wane ana fama da talauci, za ka ce Allah ya kyauta, ka wuce abinka. Amma idan aka ce maka an shiga gidan da la'asar sakaliya an tarar da kaza kwance a cikin murhu, tukunya kuma a kife, to ba sai an ambaci talauci ba, domin kuwa kai da kanka ka san rabon gidan da wuta an kwana biyu. Wannan dabara ta zana abu da kalmomi ita ce nake son mu bi tarihinta a yankin Gusau da Tsafe da Bunguɗu, saboda yanki ne da siffantawa ta ɗaga wasu ta kayar da wasu, kuma har gobe ba ta daina ba.

TAKARDUN DA ISKA TA KWASA

Mu fara da 'Yandoto, tsohon garin malamai da ke ƙasar Tsafe a yanzu. Tun kafin jihadi garin ya yi suna wajen karatu, almajirai suna zuwa daga nesa. Tarihin baka na Katsina ma ya nuna cewa Muhammadu Korau, wanda ya kayar da Sanau a kokawa ya hau gadon sarautar Katsina a wajejen ƙarni na 15, daga 'Yandoto ya fito. A lokacin nan duk wannan yanki a ƙarƙashin Katsina yake.

Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi a 1804, malaman 'Yandoto suka rabu, wasu suka bi Shehu, da yawa kuma suka ƙi. A wajejen 1806 rundunar Muhammadu Bello ta ci garin da yaƙi. Abin da ya shafe mu a nan shi ne abin da ya biyo baya a kan takarda. Shehu Muhammadu Al-Amin El-Kanemi na Barno, a cikin wasiƙun da ya yi musaya da shugabannin Sakkwato, ya zargi masu jihadi da wulaƙanta littattafai, da watsar da su a kan hanya alhali akwai sunan Allah a ciki. Muhammadu Bello ya kawo wannan musayar a littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812. A amsar da ya bayar ya nuna cewa lallai ya ga takardu iska tana kwasarsu bayan an ci wani gari na ƙasar Katsina, kuma shi da kansa ya yi ta tsince su har ya gaji, sannan ya tara mayaƙa ya tsawata masu. Masana tarihi sun danganta wannan labari da 'Yandoto.

To mai karatu, dubi ikon Allah. Abu ɗaya ne ya faru, takardu ne a ƙasa. El-Kanemi ya zana su a yashe cikin ƙazanta, sai hoton ya zama tuhuma, ya nuna mutanen da ba su san darajar ilimi ba. Bello ya zana su iska tana kaɗawa ga kuma shugaba a sunkuye yana tsinta, sai hoton ya zama kariya, ya nuna laifin na wasu jahilai ne daga cikin runduna, shugaba kuwa ransa a ɓace yake. Babu wanda ya musanta cewa takardu sun watse. Inda kowa ya tsayar da idon mai karatu, nan ma'ana ta tsaya. Yau sama da shekara 200 ke nan, amma duk wanda zai yi maganar 'Yandoto sai ya bi ta kan waɗannan takardu.

A wannan zamani ne kuma malaman jihadi suka riƙi waƙar wa'azi da Hausa da Fulatanci. Sun gane cewa manomi da mai daka ba za su zauna karatun manyan littattafan Larabci ba, sai suka riƙa zana masu ƙuncin kabari da zafin wuta da ni'imar aljanna dalla-dalla, da abubuwan da suka sani a rayuwarsu. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tura irin waɗannan waƙoƙi ƙauyuka ta hannun jajis ɗin ƙungiyar 'Yan Taru. Da hoto aka shigar da karatu cikin tsakar gida.

SARAUTU UKU, LABARI UKU

Kafin mu je ga makaɗa, ya kamata a lura da cewa sunayen sarautun garuruwan nan uku su kansu siffantawa ce a dunƙule. Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu wanda ya baro 'Yandoto, shi ya kafa Gusau, shi ya sa ake ce mata ta Sambo. Sarautar gidansa ita ce Sarkin Katsinan Gusau. Baƙo zai yi mamakin me ya kawo Katsina cikin Zamfara, alhali kalmar tana tuna masa ne cewa ƙasar ta Katsina ce a da, kuma masu jihadi sun gaji ikon yankin. A Tsafe kuwa sarki shi ne 'Yandoto, wato an ci garin amma sunan ya ƙi mutuwa, ya koma kan rawani. A Bunguɗu kuma Sarkin Fulani ake cewa, wanda yake nuna asalin gidan da ya riƙi garin. Kalma ɗaya ko biyu, amma kowace tana ɗauke da tarihin da zai cika littafi. Duk marubucin da yake neman koyon taƙaita magana, ga makaranta nan kyauta.

MAKAƊAN FADA

Idan ana maganar sarrafa harshe a ƙasar Hausa, dole a cire wa makaɗan Zamfara da Gobir hula. Ibrahim Narambaɗa na Tubali ya zauna a fadar Sarkin Gobir na Isa. Salihu Jankiɗi haifaffen Rawayya ne ta ƙasar Bunguɗu, da taushinsa ya kai har fadar Sarkin Musulmi Abubakar na III, ya rasu a 1973. Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, ya yi wa sarakuna da dama waƙa da kotso, kuma waƙar da ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu tana cikin waɗanda suka fi shahara a dukkan waƙoƙinsa, har ta kai mutanen da ba su taɓa taka Tsafe ba sun san sunan garin da na sarkinsa. Ga kuma Sa'idu Faru, makaɗin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo. A wajen fada akwai irin su Kassu Zurmi da Sani Sabulu na Kanoma, kowa da fagensa.

Yaya waɗannan bayin Allah suke aikinsu? Makaɗin fada ba ya tsayawa ya ce sarki yana da ƙarfi ko yana da kyauta. Sai ya mayar da shi giwa, ko zaki, ko dutse, ko gulbin da ya ciko, ko ruwan sama. Kuma kowace siffa da inda ta dosa. Giwa nauyi ne da rashin damuwa da haushin ƙananan dabbobi. Dutse kuwa duk wanda ya kai masa karo kansa zai fasa, kuma wanda ya taso yana ganin dutsen Kwatarkwashi a kan hanyar Tsafe zuwa Gusau ba ya buƙatar a yi masa sharhin wannan. Gulbi yana shayarwa kuma yana cin wanda ya raina shi, kamar yadda mutanen Gusau da Bunguɗu suka san halin gulbin Sakkwato da damina. Wato makaɗi daga abin da mai saurare yake gani kullum yake ɗebo kayan aikinsa, shi ya sa maganar take zama daram.

Ɗaya gefen kuma shi ne zambo da habaici. A gidan sarauta akwai 'yan sarki masu jiran gado, akwai masu ja da sarki a ɓoye. Makaɗi ba zai kama suna ba, sai ya siffanta. Ya ambaci tsayin mutum ko gajartarsa, ko irin tafiyarsa, ko yadda yake naɗa rawani, ko rowarsa, ya haɗa shi da kura ko biri ko jaki. Duk wanda yake fada ya san da wa ake, amma wanda aka yi dominsa ba shi da bakin kai ƙara, domin in ya yi magana ya amsa sunan ke nan. Zambo guda yana iya bin ɗan sarki har kabarinsa, ya rage masa kwarjini a idon masu zaɓen sarki. Saboda haka waƙar fada siyasa ce tsagwaronta, makaminta kuwa siffantawa.

Misali mafi sauƙi shi ne na Ahmadu Bello. A 1938 aka naɗa shi Sardaunan Sakkwato, aka turo shi Gusau yana kula da gundumomin gabashin lardin. Kirarin da ya bi shi har bayan rasuwarsa a 1966 shi ne Gamji. Gamji itace ne babba mai faɗin ganye da yalwar inuwa. Da maroƙa da makaɗa suka yi ta nanata kalmar, sai ta bar jikin itace ta koma jikin mutum, ta yadda a yau idan ka ce Gamji a Kaduna ko Sakkwato, da wuya wani ya tuna da itacen kafin ya tuna da Firimiya. Da gidan rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, sai waƙoƙin da a da sai a ƙofar fada ake jin su suka shiga kowane zaure, da karin harshensu na yamma, inda ake cewa Tsahe a maimakon Tsafe, da munka da sunka da anka. Wannan karin harshe shi kansa wani ado ne, domin da an juye waƙar zuwa Hausar Kano sai ka ji rabin armashinta ya zube.

MALAMAI SUN RAƊA WA DABARUN SUNA

Makaɗan nan ba su shiga aji an koya masu salo ba, a gidan kiɗa suka gaje shi. Daga baya ne malaman jami'a suka zauna suka feɗe waƙoƙin, suka ba kowace dabara suna. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ya shimfiɗa hanyar nazarin rubutacciyar waƙa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, ɗan wannan ƙasa tamu, ya ɗauki ɓangaren waƙar baka, ya bi makaɗa gari-gari yana tattara tarihinsu da waƙoƙinsu, ya fitar da Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993. Farfesa Abdullahi Bayero Yahya na Sakkwato kuma ya fitar da Salo Asirin Waƙa a 2001.

A wurinsu muka ji cewa idan ka ce wane kamar zaki yake, kamantawa ka yi. Idan ka cire kamar ɗin ka ce wane zaki ne, ka yi siffantawa, wadda ta fi ta farko kaifi domin ba ta bar ƙofar musu ba. Idan ka ba abin da ba mutum ba halin mutum, alal misali ka ce yunwa ta shigo gari ta shimfiɗa tabarma, mutuntarwa ke nan. Idan ka mayar da mutum dabba, dabbantarwa. Idan ka kai magana inda hankali ba zai ɗauka ba don ka ƙara mata nauyi, kambamawa. Amfanin sanin sunayen shi ne marubuci ya san wace wuƙa ce a hannunsa kafin ya yi yanka da ita.

Bugu da ƙari, Hausa tana da wata baiwa ta kalmomin da ke ƙarfafa siffa: fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, cike maƙil, shiru tsit. Haka nan tafiya kaɗai tana da sunaye barkatai. Wanda ya shigo yana taƙama daban, mai sanɗa daban, mai rangaji daban, mai ɗingishi daban. Ka zaɓi ɗaya, ka riga ka gaya wa mai karatu halin mutumin da abin da ya kawo shi tun bai buɗe baki ba.

INA MUKA KWANA, MU MARUBUTA?

Ƙagaggen labari na boko ya soma ne da gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga tsakiyar shekarun 1980 kuma sai matasa da matan aure suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, abin da Farfesa Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta muhawara a jaridu tsakaninsa da su Farfesa Abdalla Uba Adamu. Littattafai irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino sun shiga ko'ina, har da shagunan haya na Gusau, kuma babu mai musun cewa sun koya wa dubban mata karatun boko a cikin ɗakunansu.

To amma akwai wani abu da ya zama ruwan dare a wannan adabi, wanda ya kamata a faɗa. Tauraruwar labari kusan kullum fara ce sol, mai dogon hanci, gashi har gadon baya, kamar Balarabiya ko Ba'indiya. Muguwar kishiya ko uwar miji ko boka kuwa sai a zana su baƙaƙe, gajeru, masu kaushin fata. Gidan saurayi bene ne mai falo uku, ƙauye kuwa wurin da ake tura yarinya ne don a hore ta. Tasirin finafinan Indiya, waɗanda aka daɗe ana nunawa a silimun Arewa, a bayyane yake a nan. Marubucin zai ce jigon littafinsa haƙuri ne ko illar auren dole, kuma gaskiyarsa. Sai dai siffantawar tana koyar da wani darasi na daban a ƙarƙashin jigon, wato cewa kirki da farar fata tare suke tafiya, mugunta kuma da baƙi. Yarinyar da ta karanta irin wannan littafi hamsin a Tudun Wadar Gusau, ta dubi madubi ta ga kamanninta sun fi kusa da na muguwar, me aka gaya mata? Masu sayar da man bilicin ba su taɓa samun 'yan talla na kyauta kamar wannan ba.

A ɗaya hannun, dubi Alhaki Kwikwiyo na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Labarin matar da miji ya wofintar da 'ya'yanta ne, tana sayar da abinci don ta riƙe su, an zana tsakar gidan Bahaushe yadda take. Shi ne Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi, wani kamfani a ƙasar Indiya ya buga a 2012. Abin lura ke nan: littafin da ya zana gida yadda yake shi ne ya ƙetare teku, har zuwa ƙasar da wasu suke aro kamannin taurarinsu daga can.

KALMOMIN DA AKE ZANA MU DA SU

An ƙirƙiro jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, Gusau ta zama babban birni. A Oktoban 1999 aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, jaridun duniya suka zana jihar da irin tasu siffar. Daga wajejen 2011 kuma sai matsalar tsaro ta kunno kai, kuma duk wanda ya bi sunayen da aka yi ta ba masu wannan ta'asa zai ga tarihin rikicin a cikinsu. Da farko ɓarayin shanu ake cewa, kalmar da ta sa na birni ya ɗauka abin bai shafe shi ba. Sai aka koma 'yan bindiga da ɓarayin daji. Lokacin sulhun 2019 aka sami tubabbu, kalmar da aka ɗauko daga addini, mai sa mutum ya ji nauyin ci gaba da tuhuma. A Nuwamban 2021 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda, wanda ya sauya irin dokar da za a yi masu hukunci da ita. Mutanen dai su ne, dajin shi ne, amma kowane suna da irin matakin da yake halattawa.

A Yulin 2022 kuma sai ga sunan 'Yandoto ya sake fitowa a labarai, lokacin da Sarkin 'Yandoton Daji ya naɗa Ado Aleru, wanda 'yan sanda suka daɗe da shelar suna nema, sarautar Sarkin Fulani. Ƙasa ta ɗauki ɗumi, gwamnatin jiha ta dakatar da sarkin. Me ya tayar da hankalin jama'a? Rawani ƙyalle ne kawai. Kalmar da aka ɗora masa ita ce ta yi nauyi, domin ta ɗauke mutum daga wata siffa ta kai shi wata.

Hatsarin da ya fi wannan shi ne na siffanta ƙabila gaba ɗaya da laifin wasu. Idan baki ya saba haɗa Bafulatani da ɗan bindiga, ko Bahaushen ƙauye da ɗan sa-kai mai kisa ba shari'a, to an yi zambon da ba sarki ɗaya zai kayar ba, zai raba mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru suna auratayya da cin kasuwa ɗaya. Makaɗin fada ya san wanda yake nufi da zambonsa, mutum ɗaya ne tak. Wanda ya yi wa al'umma guda kuɗin goro bai san inda kibiyarsa za ta faɗa ba.

Saboda haka kirana ga 'yan'uwa marubuta, musamman na wannan yanki, shi ne mu koma makarantar su Jankiɗi da Ɗanƙwairo, mu ɗebi siffa daga abin da ke gabanmu. Akwai tashar jirgin ƙasa ta Gusau, wadda layin dogo ya ratsa zuwa Ƙaura Namoda tun 1929, aka yi ta lodin gyaɗa da auduga. Akwai duwatsun Tsafe da Kwatarkwashi, da fadamun Bunguɗu. Akwai manomin da gonarsa take kallonsa yana kallonta ba halin zuwa, da matar da ta baro ƙauyensu da tabarma da tukunya ɗaya tana kwana a kangon wani a birni, da makiyayin da aka kore wa garke ya rasa wanda zai kai wa kuka. Jarida za ta ba da adadin waɗanda suka mutu, gobe ta wuce wani labarin. Mai ƙagaggen labari ne kaɗai yake da sarari da lokacin da zai zauna ya zana fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Idan muka bar aikin, wasu za su yi mana shi daga nesa, kuma jikokinmu da wannan hoton za su san mu, kamar yadda muka san 'Yandoto da takardun da iska ta kwasa.

Allah ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, ya jiƙan magabatanmu, ya sa alƙalumanmu su zama masu gyara. Amin.